Yatsun Musbahu

"Me ya hana ka faɗa masa?"

Saudatu ce ta yi tambayar. Tana tsaye a kan matakalar benensu da ke unguwar Aziziyya a Jidda, ta riƙe bakin abayarta da hannu ɗaya. Musbahu yana ƙasa, jingine da ƙofar shiga, takalminsa ɗaya bai gama shiga ƙafa ba.

"Na buɗe baki, Saude. Ai kina bayan labule, kin ji."

"Na ji ka ce 'Kawu, ai ni...' ka yi shiru."

"Inna A'i ce ta katse ni. Duk lokacin da na fara sai ta ce, sha shayi ɗana, zai huce."

"Shayi ne ya ɗaure maka harshe?"

"Kofi uku na sha, ya galbi, zuciyata. Na huɗu da na mutu."

Ta so ta yi dariya, ta danne. Abin da ya faru a sama ba na dariya ba ne.

Kawu Othman yayan mahaifiyarta ne, Inna A'i kuma matarsa. Shi ya riƙe ta tun tana ƙarama, bayan rasuwar iyayenta. Ya ƙare ƙuruciyarsa a Tashar Jiragen Ruwa ta Jidda yana saƙa igiyar ƙarfe ta injinan ɗaga kaya, har ciwon suga ya cinye masa ido aka sallame shi. Tun daga nan ya daina yarda da abin da mutane ke faɗa. Hannu yake karantawa. Duk wanda ya zo neman Saudatu, sai ya kama hannunsa ya riƙe, ya shafa shi tun daga tafi har kan yatsu. Mutum biyu ya sallama ta haka. Na biyun ma'aikacin banki ne, bayan ya fita Kawu ya ce hannunsa kamar burodin samoli da aka jiƙa a madara.

A ranar nan ya kama hannun daman Musbahu. Babban yatsansa ya tsaya a kan yatsu huɗu. Kowanne ya yi kanta mai tauri, a tsakiyar kantar kuma akwai ɗan zane siriri.

Fuskar tsohon ta washe.

"Ƙarfe ne ya yi wannan," ya ce. "Siririyar waya, irin ta aikin hannu. A'i, yau namiji ya shigo gidan nan."

"Kawu, ai ni..."

"Ba sai ka faɗa ba. Hannu ya riga baki magana. Ka turo manyanka."

Gaskiya ne ƙarfe ya yi zanen. Amma ba na tashar jirgi ba ne. Tsirkiyar jita ce.

Musbahu bahago ne. Mahaifiyarsa ta yi ta bugun hannun hagunsa har ya koyi cin abinci da dama, amma da ya tsinci wata tsohuwar jita a kasuwar gwanjo yana ɗan shekara goma sha uku, sai ya juya ta ta koma yadda jikinsa ke so. Hagu ke kaɗawa, dama ke danne tsirkiya. Shi ya sa kantar ta fito a hannun gaisuwa. Da shi ba bahago ba ne, da Kawu bai taɓa jin komai ba.

A Jidda aka haife shi, a Sharafiyya, jikan wani alhaji da ya zo da ƙafa daga ƙasar Katsina bai koma ba. Da rana yana ɗaura lasifika a gidajen biki, ya gama ya fita kafin mata su shigo. Sauran rayuwarsa kuwa ta kiɗan rok ce. Shi da abokinsa Jabiru mai ganga da wasu samari biyu suka kafa ƙungiya, suka sa mata suna Tsatsa, don a garin nan gumin teku ba ya barin ƙarfe ya huta. A shekarar 2006 babu dandalin da za a bar su su hau a fili. A gidajen hutu na bayan gari suke yi, waɗanda ake kira istiraha, ko a unguwannin baƙi masu katanga. Faifansu hannu da hannu yake yawo.

A motar da ke kai su ɗinki Saudatu ta fara jinsa. Direban ya sa wani faifai mai ƙara kamar ana rushe gini, waƙar da Larabcin Hijaz, sai can a tsakiya kiɗan ya sauka, wata murya ta ce da Hausa: *Teku ta san sunana, takarda ba ta sani ba.* Ba ta taɓa jin Hausa a cikin irin wannan kiɗa ba. Bayan 'yan watanni ta kai rigar amarya wani gidan biki da hantsi, ta tarar da wani dogon saurayi a kan tsani yana gwada lasifika da ƙaramar murya. Ta tsaya da rigar a hannu.

"Kai ne Tsatsa?" ta ce.

Saura kaɗan ya faɗo daga tsanin.

Yanzu ga shi a ƙasan matakala, an ba shi ita, amma da sunan wani mutum da ba shi ba.

"Inna A'i ta san ko kai waye," in ji Saudatu. "Ta ce mu yi shiru har a ɗaura, in ya so daga baya a lallaɓa shi."

"Ke fa me kika ce?"

"Mutumin nan shi ya goya ni zuwa asibiti ina da ƙyanda. Ba ya gani, Musbahu. Ba zan shiga gidanka ta inda idonsa ya mutu ba."

Ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"In na faɗa zai hana."

"Na sani."

"Kuma kina so in faɗa?"

"Ina so."

Ya ƙarasa sa takalminsa. "Tayyib, shi ke nan. Ranar Juma'a. Ki ce wa Inna ta ɓoye butar shayin."

* * *

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya dawo. Kawu yana zaune a kan dardumarsa, yana juya wani guntun igiyar ƙarfe a hannu. Tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Da shi ya baro tashar jirgi, kuma kullum yana kusa da shi kamar carbi.

Musbahu ya gaida shi, ya durƙusa, bai jira a katse shi ba.

"Kawu, ranar nan ka yi mini zato mai kyau, amma ba haka ba ne. Ni ba mai aikin waya ba ne. Makaɗi ne. Jita nake kaɗawa, ina waƙa. Ita ta yi mini wannan kantar."

Igiyar ta tsaya a hannun tsohon.

"Makaɗi."

"Na'am."

"Na gidan wa? Wa kake wa roƙo?"

"Ba na roƙon kowa, Kawu. Ban taɓa wasa wani mai kuɗi ba. Waƙoƙina nake rubutawa."

"Wane irin kiɗa?"

"Rok ake ce masa."

"Irin na matuƙan jirgin nan masu gashi kamar mata? Na sha jinsa a tasha. Na ɗauka injinsu ne ya lalace."

Inna A'i ta yi tari a bakin ƙofa. Babu wanda ya kula ta.

"A ina kuke yi?" Kawu ya tambaya.

"A istiraha. Wani lokaci a unguwar baƙi."

"Da izini?"

"Babu, Kawu."

Kawu ya ajiye igiyar. Bai ɗaga murya ba.

"Yaro, ka yi gaskiya, na gode maka. Wani da sai ya bar makaho da zatonsa. Amma ka ji nawa. Inda kakanninmu suka fito, ba a ba makaɗi 'ya sai in an rasa. Wannan ma zan iya haɗiye shi, mun daɗe da barin can. Abin da ba zan haɗiye ba shi ne wannan: da iƙama, takardar zaman baƙo, kake zaune kamar yadda nake zaune. Ran da aka yi kame a wajen hayaniyarku, 'yan ƙasa iyayensu za su zo su sa hannu su tafi da su. Kai kuwa jirgi za a sa ka, a sauke ka a ƙasar da ba ka taɓa gani ba. Saudatu ta yi maraici sau ɗaya. Ba zan ɗaura mata na biyu da hannuna ba."

"Kawu, in ka ba ni..."

"Halas, an gama. Ka gaida mahaifiyarka."

A bayan labule Saudatu ta sa bakin mayafi a baki ta cije. Ita ta nemi a faɗi gaskiya, ga ta an faɗa.

* * *

Bayan kwana biyu ya kira ta a waya tana wurin ɗinki. Ta fita baranda.

"Na bari," ya ce.

"Ka bar me?"

"Jitar. Tana gidan Jabiru, na ce ya sa ta a saman kabad. Na bar aikin lasifikar ma. Wani ɗan'uwan mahaifiyata yana da shagon turare a Sharafiyya, gobe zan fara."

"Wa ya ce ka yi haka?"

"Inna A'i ta ce in Kawu ya ga na tuba na wasu watanni zai sake saurarona."

"Ni ban ce ba."

"Ke ba sai kin ce ba, Saude. Katako ne da waya shida. Ke kuwa ke ce."

Maganar ta yi mata daɗi, ba za ta yi ƙarya ba. Ta koma kan keken ɗinki tana murmushi har abokan aikinta suka fara tsokanarta.

Kawu bai hana shi zuwa gaishe ta a ƙasan matakala ba, muddin Inna A'i na zaune a sama tana jin motsi. A makonnin farko yana zuwa da labarai. Ya kwaikwayi matan da ke shinshina kwalba ashirin su sayi ɗaya. Ya kawo mata ɗan turaren wardi a ƙaramar kwalba. Yana magana, yatsunsa huɗu na dama suna tafiya a kan ƙarfen matakala, suna danne tsirkiyar da babu ita. Bai san yana yi ba.

Sai kantar ta fara ɓarewa. Ta gan shi yana cire fatar da haƙori.

"Daina, za ka ji ciwo."

"Ba ta da zafi. Matacciya ce."

Wata na biyu labaran suka ragu. Wata na uku yatsun suka daina tafiya a kan ƙarfen. Yakan zo, ya gaishe ta, ya tambayi jikin Kawu, ya tsaya da hannu a aljihu. Ya yi ƙiba kaɗan. Yana ƙamshin turaren udu tun daga bakin titi.

A bakin matar Jabiru ta ji sauran. Ta zo har gida gyaran riga, Saudatu na cire allura daga baki, sai matar ta ce, "Ai kin ji an gayyace su Alƙahira? Babban taron makaɗa, da izini da komai, har da ɗaukar faifai a situdiyo. Shekara nawa suna jiran irin wannan. Mutuminki ya ce su nemi wani mawaƙin."

"Yaushe?"

"Tun watan jiya. Bai faɗa miki ba?"

Da ya zo ranar Alhamis ta tare shi da maganar.

"Me ya sa ka ɓoye mini Alƙahira?"

"Ba abin faɗa ba ne. Na riga na bari."

"Yaushe rabonka da rubuta waƙa?"

"Saude..."

"Yaushe rabonka da yin ko da ƙaramar murya, kai kaɗai?"

Ya yi murmushi, irin wanda ake wa mai sayen turare.

"Ina lafiya, wallahi. Kada ki damu kanki. Inna ta ce Juma'a mai zuwa in hau sama."

Ta dube shi da kyau. Dogon nan ne, idanun nan ne. Amma wanda ya kusa faɗowa daga tsani ba ya nan, kuma ita ce aka ba shi a matsayin dalili.

* * *

Da safe takan ɗiga wa Kawu maganin ido kafin ta fita. Ranar Laraba ta same shi yana murza guntun igiyarsa da ƙarfi, yana bi da kan yatsunsa a kan saƙar.

"Kawu, kullum sai ka murza abin nan. Me yake yi maka?"

"Ɗago kan maganin, kina zubar mini a kunci."

Ta gyara. Ya ƙifta ido.

"Don kada hannu ya manta da ni," ya ce. "Da, in na kama igiya ina gane wadda za ta tsinke kafin ta nuna. Ji nan." Ya miƙa mata tafinsa. "Ji yadda ya koma. Kamar na mai jego. Ranar da na fara jin laushin nan na fi baƙin ciki a kan ranar da likita ya ce idon ya tafi."

Ta riƙe hannun. Da tana ƙarama, in ya shafa kanta gashinta har maƙalewa yake a kantarsa.

"Akwai wanda nasa hannun ke mantawa da shi yanzu," ta ce a hankali.

"Ba a tambaye ki ba, 'yar nan."

"To, Kawu."

"Ki tafi, motarku za ta wuce."

* * *

Musbahu ya hau sama ranar Juma'a da farar riga mai guga. Inna A'i ta shimfiɗa sabuwar darduma, ta dafa shayi da na'ana'a, tana ta kai da kawo kamar ita za a aura. Saudatu ta zauna a bayan labule, inda take jin komai.

"Alhaji, ga yaron nan," in ji Inna A'i. "Wata huɗu ke nan bai taɓa abin nan ba. Yana shagon turare, kowa na yabonsa. Sallah a sahun gaba."

"Na ji ƙamshinsa tun yana matakala," Kawu ya ce. "Kawo hannunka."

Musbahu ya miƙa.

Tsohon ya shafa tafin. Ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya kai ƙarshe, ya dawo, ya sake bi, kamar mai neman abin da ya ajiye a wuri ya rasa.

"Wannan hannun waye?"

"Nawa ne, Kawu."

"A'a. Wanda ya zo nan ranar farko da zane a yatsunsa."

"Ya goge. In an daina, gogewa yake."

"Shekara nawa ka yi kafin ya fito?"

"Tun ina ɗan sha uku."

"Ya tafi a wata huɗu."

"Na'am."

Kawu bai saki hannun ba. Da ɗaya hannun ya lalubi guntun igiyarsa, ya taɓa ta, ya bar ta.

"Ni ido ne ya raba ni da sana'ata," ya ce. "Kai wa ya raba ka da taka?"

Musbahu ya sunkuyar da kai. Inna A'i ta buɗe baki.

"A'i, kada ki ce masa ya sha shayi. Yaro, na tambaye ka."

"Kai ne, Kawu."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali.

"Saudatu."

"Na'am, Kawu."

"Na san kina nan, ina jin numfashinki. Mutum biyu suka zo nemanki da suna ɗaya. Ga mai turare, ba abin da zai same shi, zai mutu a kan katifarsa. Ga kuma wancan mai hayaniyar. Wanne kike so?"

Inna A'i ta leƙo bayan labule tana yi mata alama da ido. Amsar mai sauƙi a bayyane take. In ta ce mai turare, an gama, a sa rana. In ta ce ɗayan, tana iya rasa duka biyun.

"Wancan na farkon, mai hayaniyar, Kawu."

"Saude," Musbahu ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ka yi haƙuri, habibi. Na gode da abin da ka yi. Amma wanda na ce ina so, a cikin waƙa na fara jinsa. Wannan da ke zuwa yanzu yana da kirki, yana kawo mini turare, sai dai ko dariyarsa ta aro ce. In na aure shi a haka, kullum zan riƙa kallon abin da na kashe. Kawu, ba zan auri wanda ba ka yarda da shi ba, ko shekara nawa zan zauna. Amma kada a ce don ni aka yi masa haka."

"Innalillahi," in ji Inna A'i. "Yarinyar nan ta ɓata mini aikin wata huɗu."

"Aikin banza kika yi," Kawu ya ce. Ya juya ga Musbahu. "An ce an kira ku Masar."

Musbahu ya ɗago da mamaki.

"Makaho ne ni, ba kurma ba. Matar abokinka muryarta har titi. Wancan da izini ne?"

"Da izini, Kawu. Da takardar gayyata. Kafilina, wanda iƙamata ke hannunsa, shi ma ya ce zai sa hannu a fita da dawowa."

"To ji sharaɗina, guda ɗaya ne. Inda aka ba da izini, je ka yi ta ihunka, ko a Masar ko a bangon duniya. Inda za a iya kama ka a sa a jirgi, ƙafarka ba ta sake takawa. Ko abokanka sun yi kuka. Ka iya?"

Musbahu bai amsa nan take ba. A istiraha aka san Tsatsa, a can mutanensa suke, waɗanda suka haddace waƙoƙinsa tun ba shi da komai. Saudatu ta san abin da ake nema ya ajiye.

"Na iya," ya ce.

"Ka yi jinkiri kafin ka amsa. Na fi yarda da haka." Kawu ya saki hannun, ya ture shi kaɗan. "Ɗauke wannan samolin daga gabana. Ba shi na yi wa alkawari ba. Ran da na farkon ya dawo, ka turo manyanka."

* * *

Dawowar kanta ta fi tafiyarta wuya. A makon farko yatsun suka yi ƙuna, suka fashe. Yakan zo ƙasan matakala yana hura su.

"Yana da zafi?" ta tambaya.

"Kamar na taɓa garwashi."

"Madalla."

"Ke wace irin masoyiya ce?"

"Irin wadda ka samu, Bahago. Yalla, koma ka ci gaba."

Ya tafi yana dariya, tasa ta gaske, har da buga ƙofa.

Sun je Alƙahira a farkon shekarar 2007, suka dawo da faifansu na farko da aka ɗauka a situdiyo. Wasu tsofaffin masoyansu sun ce Tsatsa ta guje su, ɗaya daga cikin samarin ma ya fita daga ƙungiyar saboda an daina zuwa istiraha. Musbahu ya ji zafin wannan, bai ɓoye mata ba, bai kuma karya alkawari ba. Kowace Juma'a yakan hau sama ya miƙa hannu. Kawu ya shafa ya ce, "Da saura." Ran da ya shafa bai ce da saura ba, sai ya ce wa Inna A'i ta aika a sayo goro da dabino, Saudatu ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ta jima ba ta fito ba.

An ɗaura aure bayan Ƙaramar Sallah. Kwana biyu kafin a kai amarya, Kawu ya aika a ce wa ango ya zo da abin nan.

Musbahu ya shigo da jitar a cikin jakarta, ya ɗora ta a cinyar tsohon. Kawu ya shafa katakon, ya bi wuyan, ya kai ga tsirkiyoyin. Ya ja mai kaurin da farce ya saki. Ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa.

"Saƙa ce," ya ce. "Siririya a ciki, an naɗe ta da wata. Wanda ya yi wannan ya san aiki." Ya matsa zuwa ta kusa da ita, ya tsaya. "Wannan ta fara cin tsatsa a nan. Ba za ta kai wata ba."

"Gumin teku ne, Kawu. Kullum sai na goge."

"To ka ƙara. Kaɗa mu ji."

Babu lasifika, don haka sautin ya fito siriri. Musbahu ya juya jitar ta bahago, ya danne da yatsun dama, ya yi waƙar nan ta teku da takarda, a hankali, ba irin yadda yake yinta a dandali ba. Saudatu tana bakin ƙofa da lalle a hannu da ƙafa, ba ta iya share fuskarta. Inna A'i ce ta goge mata da bakin zane tana mita.

Da ya gama, ya ɗago ya dubi tsohon.

"Yaya, Kawu?" in ji Musbahu.

"Muryar ba laifi. Kiɗan dai har yanzu injin da ya lalace ne." Ya lalubi guntun igiyar ƙarfensa a gefen darduma, ya juya shi sau ɗaya a tafinsa, ya kamo hannun Musbahu ya danƙa masa. "Sa wannan a jakar abin naka. Ni na gama da shi."

"Kawu, ai da shi kake..."

"Yanzu ina da hannun da zan riƙa dubawa duk Juma'a. Saudatu."

"Na'am, Kawu."

"Ran da kika ji yatsun nan sun fara laushi, ki zo ki faɗa mini."

"Zan faɗa."

"To, halas. A'i, yanzu ba shi shayin."